Cintabaraden 2016: bairos ɗin da ke cinye hantar ɗan tunkiya, ya bar sauro da ransa

A ƙarshen watan Agusta na 2016 labari ya fara fitowa daga arewacin jahar Tawa cewa mutane na mutuwa da wata masassara da ba a gane kanta ba, a daidai lokacin da bisashe ke ta ɓari, ƙananansu kuma suna faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta samu rahoton ranar 30 ga watan. Aka ɗebi jinin mutane da na dabbobi aka aika Cibiyar Pasteur ta Dakar, a tsakiyar Satumba amsa ta dawo: zazzaɓin kwarin Rift ne, cutar bairos da sauro ke yaɗawa a dabbobi har ta kama mutane, kuma karo na farko ke nan da aka tabbatar da annobarsa a Nijar. Daga 2 ga Agusta zuwa 22 ga Satumba an lissafa mutum 64 da suka kwanta a gundumar lafiya ta Cintabaraden, 28 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. Yawancinsu maza ne, makiyaya da manoma.

Abin ya zo a mugun lokaci. Babbar Salla ta faɗo kusan tsakiyar Satumba, wuƙa ta sha aiki a kowane gida. Daga 23 zuwa 25 ga watan kuma ga bikin Kur Sale na Ingal, inda garkuna daga ko'ina ke cakuɗuwa wajen lasar gishiri kafin kowa ya kama gabansa. Mu a Maraɗi ba 'yan kallo ba ne a irin wannan. Dakwaro da Barmo suna jingine da ƙasar Abalak, kuma da zarar an kawar da amfanin gona, garkunan da suka yi damina a arewa sukan biyo burtali su gangaro, su ratsa kasuwanninmu, wasu su zarce har Jibiya.

Tambayar da muka yi ta yi wa juna a lokacin, mu masu aikin lafiyar dabbobi, ita ce: 28 cikin 64 ai kusan kashi 44 ne cikin 100, alhali abin da aka sani shi ne cutar ba ta kashe ko mutum 1 cikin 100 na waɗanda ta kama. Ko dai wani sabon iri ne ya ɓullo mai dafi fiye da na da? Ba a amsa wannan sai an san inda muguntar bairos ɗin take zaune.

Abin da ke cikin mushen

A jikin ɗan tunkiyar da bai cika mako guda ba ne cutar ke nuna ainihin halinta. Tsakanin shigarta da fara ciwo awa 12 ne zuwa 36. Jiki ya ɗauki zafi, ya ƙi kama nono, ya kwanta, in an taɓa cikinsa ya zabura. Da wuya ya ga kwana na biyu bayan haka. Fiye da 90 cikin 100 na irinsa mutuwa suke, alhali a manyan tumaki mace-macen kan sauka har zuwa 10 cikin 100. Masu ciki kuwa kusan dukkansu sai sun zubar.

In an buɗe mushen, hanta ce ke fara ɗaukar ido. Ta kumbura, gefenta ya daina kaifi, launinta ya tashi daga ja mai duhu ya koma ruwan ƙasa mai ratsin rawaya, ga ɗigo-ɗigon fari-fari da ba su wuce milimita 1 zuwa 2 ba a warwatse, ga jini ya kwanta a ƙarƙashin fatarta. Ka danna ta da yatsa sai ta marmashe. Bangon matsarmama ya yi kauri da ruwa da jini. Cikin da nonon uwa ke sauka kuma ka same shi da abu baƙi-baƙi, jini ne da ya fara narkewa. A ƙarƙashin madubin likita da ƙyar za ka samu ƙwayar hanta mai rai.

A cikin 'yan ƙwayoyin da suka saura akwai wani abu da masu bincike suka lura da shi tun shekarun 1930, jim kaɗan bayan wani mai bincike mai suna Daubney da abokan aikinsa sun bayyana cutar a 1931 daga wata gonar tumaki kusa da tafkin Naivasha a Kenya. Wani ɗan sanda ne siriri a kwance cikin cibiyar ƙwayar, wato ɗakin da DNA ke ajiye. Abin ɗaure kai ne, domin wannan bairos a wajen cibiya yake hayayyafa, ba shi da abin nema a ciki. Sai bayan kusan shekara 50 aka gane cewa sandan furotin ne na bairos ɗin kansa, ya harhaɗu ya zama zare. Sunansa NSs.

Kundin gadon bairos ɗin ɗan ƙarami ne, gutsure uku na RNA, ɗan'uwan DNA, da ake kira L da M da S. Na farko yana da harafi kusan 6,400, na biyu kusan 3,900, na uku kusan 1,700, jimla wajen 12,000, inda na ɗan Adam ya kai biliyan 3. L ne ke ɗauke da injin kwafi. M ne ke ba da furotin biyu na riga, Gn da Gc, waɗanda bairos ke kama ƙwaya da su ya shige, da wani ƙarami mai suna NSm, da wani babba da ya fi amfani a jikin sauro. S kuma yana ba da N mai naɗe RNA, sai NSs ɗin nan, amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 265 kacal. Ba a gina jikin bairos da shi, kuma bairos na iya hayayyafa ba tare da shi ba. Aikinsa guda ne, ya karya garkuwar mai masauki.

Yadda ake rufe wa ƙwaya baki

Ƙwayar jiki ba ta zuba ido in bairos ya shige ta. Da ta ji baƙon RNA sai ta saki intaferon, furotin da ke isa ga maƙwabtanta su ɗaura ɗamara tun cutar ba ta iso gare su ba. Wani furotin kuma, PKR, yana tsayar da ƙera furotin gaba ɗaya a cikin ƙwayar, nata da na baƙon, kowa ya rasa. In duk wannan ya faskara sai ta kashe kanta cikin tsari: ta tsuke, ta yayyanka DNA ɗinta, ta rarrabu ƙananan ƙunshi da fararen ƙwayoyin jini za su haɗiye ba tare da abin da ke ciki ya zube ba. Wannan ne afoftosis, kuma wasu furotin masu yanka da ake kira kasfas ne ke zartar da shi. Ƙwayar da ta mutu haka da wuri ta tafi da bairos ɗin da bai gama nuna ba.

NSs yana aiki ne irin na maharan da, waɗanda kafin su auka wa gari sai sun fara kama mai buga tambari. Cikin 'yan awoyi na farko yake shiga cibiya, ya haɗa kai da wani furotin na ƙwayar mai suna SAP30, su zauna a kan sashen DNA da ke ba da intaferon su hana a buɗe shi. Maƙwabta ba su ji komai ba. Daga nan ya juya kan TFIIH, wani gungun furotin da sai da shi ƙwaya ke karanta DNA ɗinta: ya riƙe ɓangare ɗaya, p44, ya sa a lalata wani, p62. Ƙungiyar Michèle Bouloy ta Cibiyar Pasteur ta Faris ce ta fara bayyana wannan harin na TFIIH a 2004. Cikin wajen awa takwas ƙwayar ta daina fitar da saƙonnin kanta. A nan ne PKR ya kamata ya tsayar da komai, amma a 2009 ƙungiyoyi biyu, kowace da kanta, suka nuna cewa shi ma NSs yana sa a nika shi a zubar. Abin da ya rage ƙwaya ce mai rai, injinta na aiki, amma saƙon bairos kaɗai take karantawa.

Irin wannan ƙwaya ba ta daɗewa. Furotin ɗinta na ƙarewa ba a sabunta su, alamun lalacewar DNA na tashi, furotin p53 mai yanke hukuncin mutuwar ƙwaya na farkawa. An kuma ga zaren NSs yana manne wa wasu sassan DNA har kromosom, wato ɗaurin DNA, su kasa rabuwa daidai in ƙwaya za ta kasu biyu, abin da ake zargin yana da hannu a nakasar 'yan tayi. Amma kafin ta mutu ta riga ta fitar da sababbin bairos, su kuma sun tarar da maƙwabta a sake. Haka ɗigon fari ɗaya ke zama dubu, su haɗe su cinye hanta. Hanta kuwa ita ke ƙera yawancin sinadaran daskarar da jini. In ta faɗi sai shawara ta bayyana a ido, jini ya fara fita ta hanci da dasashi da bayan gida. A mutum wannan nau'in yakan fara kwana 2 zuwa 4 bayan masassara, kuma kusan rabin waɗanda ya kama ba sa tashi.

Hujjar da ta fi gamsar da ni a duk wannan ba daga hannun masana ta fara ba, Allah ne ya kawo ta. A 1974 an samo bairos ɗin daga jinin wani maras lafiya a Bangi, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wanda bai mutu ba. Da aka zo tace shi a ɗakin gwaji, aka ware zuriya-zuriya, sai ta 13 ta fita daban. Harafi 549 sun ɓace daga sashen NSs ɗinta, kusan kashi 69 cikin 100. Ita ce ake kira Clone 13. A cikin ƙwayoyin Vero, na ƙodar biri da ba sa iya yin intaferon, tana hayayyafa lafiya lau. A yi wa ɓera mai lafiya allurarta da yawa, ko gezau. Amma a yi wa ɓeran da aka cire masa abin jin intaferon, sai ta kashe shi. Da aka musanya gutsure tsakaninta da wani mugun iri na Masar, sai rauni ya bi gutsuren S duk inda ya je. Wato haƙoranta na nan, abin da ta rasa shi ne dabarar toshe bakin ƙwaya, kuma wannan kaɗai ya isa jiki ya riga ta.

Wanda ke jinkirta mutuwa

Labarin NSm, ƙaramin furotin nan na gutsuren M, ya fi ban mamaki, domin ya saɓa wa abin da hankali ke fara kawowa. Yadda ake auna ɓarnar bairos a ɗakin gwaji shi ne a shimfiɗa ƙwayoyi a gindin ɗan faranti, a zuba bairos kaɗan, a rufe da abu mai kauri don kada ya yi yawo, bayan 'yan kwanaki a zuba rini mai ruwan shuni. Inda ƙwayoyi ke raye ya kama launi, inda suka mutu ya bar rami fari, ka ɗaga farantin ga haske ka ƙirga. A 2007 masu bincike a Galveston ta jahar Texas suka cire NSm daga wani iri mai suna MP-12. Yawan bairos ɗin da aka samu bai canja sosai ba, amma ramukan suka fi faɗi, ƙwayoyi suka riƙa mutuwa da wuri, kasfas na tashi tun lokaci bai yi ba. Daga baya aka gano NSm yana zama ne a bangon maitokondiriya, sashen da ke samar wa ƙwaya kuzari, inda ɗaya daga hanyoyin afoftosis ke farawa, yana danne ta.

Wanda ya ga manyan ramuka zai ce wannan iri ya fi kisa. A jikin dabba akasin haka aka gani: bairos maras NSm ya fi rauni a ɓerayen gwaji, ko da yake bai zama salihi kamar maras NSs ba. Dalilin a fili yake in an tuna amfanin afoftosis. Ƙwayar da ta mutu da wuri ta yi wa jiki aiki. Wadda aka riƙe da rai har ta gama haifar bairos sannan ta fashe tare da dubban 'yan'uwanta, ita ce ke kashe ɗan tunkiya. A ganina duk wanda ke son fahimtar muguntar waɗannan cututtuka, ya fi kyau ya tambayi yaushe ƙwayar ta mutu da kuma wa ya zaɓi lokacin, kafin ya tambayi nawa suka mutu.

Sauro kuwa ya tsira ne domin makaman ba nasa aka ƙera wa ba. Ba shi da intaferon. Garkuwarsa ita ce yayyanka RNA na bairos zuwa gutsattsari masu harafi 21, waɗanda ke zama alamar farautar sauran. A ƙwayoyin sauro da wannan garkuwa ke aiki, zaren NSs kan bayyana ya ɓace, cutar ta lafa ta zauna ba tare da ta rusa ƙwayar ba. Ba wai bai ji a jikinsa sam ba, an ga cutar tana rage wa wasu nau'in sauron Culex kwana, amma yana rayuwa ya yi cizo, abin da bairos ke buƙata ke nan. Abin sha'awa, gutsuren M da ke jinkirta mutuwar ƙwayar tunkiya shi ne kuma ke taimaka wa bairos ya kama hanjin sauro ya ratsa zuwa sauran jiki. In an cire sashen NSm, sauro kaɗan ne ke ɗauka. A Kenya an samu bairos ɗin a sauron Aedes da aka rena daga tsutsa tun bai taɓa cizo ba, alamar uwa ce ta ba shi ta ƙwai. Ƙwan Aedes kuwa yana jure fari a busasshen laka har ruwa ya dawo. A yankin Ferlo na Senegal, mai tabkuna irin namu na arewa, Aedes vexans da Culex poicilipes ne aka fi kamawa da shi.

To, sabon iri ne?

Da ƙura ta lafa, masu bincike na CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke Yamai, da abokan aikinsu suka fitar da lissafi: mutum 399 da aka yi zargi, 17 da gwaji ya tabbatar, 33 da suka rasu. Kashi 44 ya koma 8. Ko wannan ɗin ma sai an yi hattara da shi, tunda mamatan sun fi waɗanda aka tabbatar yawa, kuma Agusta zuwa Oktoba lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, wanda ba bairos ke kawo shi ba amma farkonsu iri ɗaya ne: zafin jiki, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi. Fahimtata ita ce, 64 na farko su ne waɗanda ciwo ya kai su ga a ɗauko su daga rugage masu nisa zuwa likita. Makiyayin da ya yi kwana huɗu yana rawar ɗari ya tashi ya bi garkensa, ba wanda ya rubuta sunansa. A Masar a 1977 an ƙiyasta mutum 200,000 suka kamu, 598 suka mutu. A Saudiyya a 2000, inda aka fi ƙirga waɗanda suka kwanta asibiti, mace-macen sun kai kusan 14 cikin 100. Bambancin ya fi zama na wa aka ƙirga.

Kundin gadon ma haka ya nuna. Da aka karanta na Nijar, sai ya zauna kusa da na Senegal na 2013 da na Muritaniya na 2015, dangin da aka riga aka sani a Afirka ta Yamma. Wannan bairos dama ba mai yawan sauya kama ba ne. A 2007 cibiyar CDC ta Amurka ta karanta cikakken kundin iri 33 da aka tara daga ƙasashe daban-daban cikin fiye da shekara 50, bambancin da ke tsakaninsu bai wuce wajen kashi 5 cikin 100 na haruffa ba. Ma'ana bai buƙaci sabon makami ba kafin ya yi abin da ya yi a Cintabaraden. Na gadon ya isa.

Ba ina cewa ƙananan sauye-sauye ba su da tasiri ba. A irin ZH501 na Masar an nuna cewa sauyin harafi ɗaya tak a gutsuren M, wuri na 847, yana raba mai kashe ɓera da mai rauni. Ire-iren Masar sun fi na kudu da Sahara kashe manyan ɓerayen gwaji nau'in Wistar-Furth. MP-12 kuma, wanda aka raunana da gangan ta hanyar rena shi zagaye 12 cikin wani sinadari mai jawo kuskuren kwafi, NSs ɗinsa na aiki, rauninsa na cikin M da L ne. A sauran cututtukan sauro ma an ga haka: sauyin amino asid ɗaya a furotin NS3 na bairos ɗin Yammacin Nilu ya sa yana kashe hankakin Amurka, ɗaya kuma a rigar cikungunya ya sa ta ji daɗin sauron Aedes albopictus a tsibirin Réunion a 2005 zuwa 2006. Saboda haka karanta kundin kowace annoba wajibi ne. Sai dai a karanta kafin a yi shelar sabon iri.

Rabin labarin kuma na jikin wanda aka kama ne. Bairos ɗin da ke narkar da hantar ɓeran Wistar-Furth cikin 'yan kwanaki, ɓera nau'in Lewis yakan tsallake ciwon hantar, kuma juriyar gadonta ake yi. A birai, waɗanda intaferon ɗinsu ya tashi da wuri sun warke, waɗanda nasu ya makara su ne suka zubar da jini. Tsere ne na awoyi tsakanin NSs da intaferon, jariri da ɗan tayi kuma su ne suka fi saurin faɗuwa a cikinsa. Dabbobinmu na gida galibi sun fi na Turai da ake shigowa da su jurewa, abin da ya kamata masu sha'awar barbarar waje su riƙe.

Inda abin ya shafi gidajenmu

A karkarar Maraɗi akuya ta mace ce. Jar akuyar nan da fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, wadda aka kafa wa cibiyar kiwo a garin nan tun farkon shekarun 1960, ita ce kuɗin magani, ita ce kayan ɗakin ɗiya. In ta yi ɓari kuwa, uwar gida ce ke durƙusawa a turke ta ja mabiyiya da hannu, ta ɗauki ɗan tayin ta wurga bayan danga, ta ɗauraye hannu a ƙwaryar da ke kusa ta koma kan tukunya. Wata dattijuwa a wani ƙauye na bakin gulbi, da nake mata bayanin haɗarin haka, ta dube ni ta ce:

"Likita, kai da bakinka ka ce cutar sauro ce. To mi ya haɗa sauro da hannuna?"

Na ce, "Inna, sauro shi ke kai ta ga akuya. Akuya ke kawo miki ita."

Ta ce, "Ikon Allah. To in bar ta da abu a rataye?"

Na ce a'a, ta sa hannu cikin leda biyu, ta haƙa rami mai zurfi ta binne, ta wanke da sabulu, kuma kada mai juna biyu ta matso wurin.

Tambayarta na kan hanya. Amsar tana komawa ga NSs ne: saboda ba abin da ya tare shi, bairos a jinin ɗan tunkiya yakan haura miliyan 100 a mililita guda, mahaifa da ruwanta kuma cike suke da shi, domin yana hayayyafa a ƙwayoyin mabiyiya ya kashe su. Abin da sauro ke zubawa a cizo ɗaya bai kama ƙafar wannan ba. Shi ya sa yawancin mutane ta jini da kayan cikin dabba suke kamuwa, wajen yanka, fiɗa, karɓar haihuwa, wataƙila da ɗanyen nono. Ba a taɓa tabbatar da mutum ya sa wa mutum ba. Naman da ya dahu sarai kuma ba shi da laifi, mahauci ne ke cikin haɗari fiye da mai ci. Maganar masu juna biyu ba tsoratarwa ba ce: a wani bincike na Port Sudan da ya fito a 2016, cikin mata 28 masu ciki da aka samu da cutar 15 sun yi ɓari, a cikin 102 da ba su da ita kuwa 12 ne.

Sai batun rigakafi, inda ilimin kundin gado ke zama shawarar aiki. Har yanzu babu allurar mutane mai lasisi, dabba ake yi wa. Tsohuwar allurar Smithburn, wadda asalinta bairos ne da aka samo daga sauro a Yuganda a 1944 aka raunana shi a ƙwaƙwalwar ɓeraye, tana da araha, sau ɗaya ake yi, kariyarta na daɗewa. Aibinta shi ne takan sa wasu masu ciki ɓari ko haihuwar nakasasshe. Ga jar akuya wannan ba ƙaramin aibi ba ne, tunda ba ta da lokacin barbara guda, kowane wata ka shiga turke sai ka samu mai ciki, sau da yawa da tagwaye. Allurar da aka yi da mataccen bairos ba ta da wannan matsala, amma sai an maimaita, makiyayi mai tafiya kuwa ba kullum ake samunsa sau biyu ba. Clone 13 ta samu rajista a Afirka ta Kudu a 2010, an kuma gwada ta a tumaki da awaki a Senegal ta yi kyau. Ita ma ba a ce ba ta da tabo ba: wani gwaji na 2016 ya nuna in an yi wa tunkiya mai ciki fiye da ƙima tana iya ratsa mabiyiya ta taɓa ɗan tayi. Akwai kuma wadda aka cire wa NSs da NSm duka biyu da gangan, wadda aka gwada a tumaki masu ciki.

Fifikon irin waɗannan shi ne harafi 549 da suka ɓace ba sa dawowa ta kuskuren kwafi, saɓanin raunin da ya rataya a kan harafi ɗaya ko biyu. Sai dai kundi mai gutsure uku yana da wata ƙofa. In iri biyu suka haɗu a ƙwaya ɗaya, 'ya'yansu na iya ɗaukar gutsure daga nan da can. A annobar Afirka ta Kudu ta 2010 an samu irin wannan gauraye a jinin wani da allurar rigakafi mai rai ta soke shi yana yi wa tumaki. Ga Clone 13 abin da sauƙi, domin wanda ya ɗauki S ɗinta ya raunana, wanda ya ɗauki S na daji kuma ya koma irin abin da dama ke yawo. Babban haɗarin yin rigakafi a tsakiyar annoba ya fi wannan sauƙin ganewa: allura ɗaya da ta shiga dabba mai bairos a jini, ta shiga kwalba, ta shiga dabba ta gaba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa kada a fara rigakafi a inda cutar ta riga ta ɓarke.

Wato lokacin yi shi ne da rani, kafin ruwan farko ya cika tabkuna, watannin da zafi a Dakwaro ke haura digiri 40. Clone 13 ta asali ba ta jure zafi, in sanyi ya yanke mata a hanya ƙarfinta na raguwa, dalilin da ya sa wani kamfanin Maroko, MCI Santé Animale, ya fitar da nau'inta mai jure zafi da ake kira CL13T.